"Kanta ba ya ja, hannunta ne ke ja": abin da kwanon gyaɗa ya nuna mana a Savelugu

Wata Talata, ana saura mako uku mu rufe zangon karatu na biyu, wata uwa ta same ni a gindin darbejiyar da ke bakin ajinmu a nan Savelugu. Ko allin hannuna ban gama kakkaɓewa ba. Muka gaisa, ta tambayi gida da aiki, sannan ta ce ta zo ne ta yi mini sallama a madadin 'yarta da ke aji ɗaya na JHS. Ta samo mata wurin koyon ɗinki.

"Madam, ba wai na raina ƙoƙarinku ba ne," in ji ta. "Yarinyar nan kanta ba ya ja, hannunta ne ke ja. Tun tana firamare wani ticha ya faɗa mini ita irin masu koyo da hannu ce. To me za ta zauna tana yi a sukul?"

Na san yarinyar sarai. Shekarunta goma sha uku. Kullum da sassafe ita ke zama gaban tukunyar kokon uwarta a bakin titin da ya taso daga Tamale ya nufi Bolga, kafin ta koma gida ta sa yunifom. Na sha sayen koko da ƙosai a hannunta. Mutum uku za su miƙo kuɗi lokaci guda, wannan na sidi uku, wannan na biyar a ƙara sukari, wancan kuma ana bin sa bashin jiya, ta ba kowa canjinsa daidai ba tare da ta ɗaga kai ba. Amma a jarrabawar lissafin da na yi musu, 18 ta ci cikin 100. Da na tambayi rabi a haɗa da rubu'i, wato 1/2 + 1/4, sai ta rubuta 2/6. Ta tara na sama da na sama, ta tara na ƙasa da na ƙasa. Ba ita kaɗai ba ce, kusan rabin ajin haka suka yi.

Na roƙi uwar ta ba ni zuwa ƙarshen shekara. Ta yi shiru, can ta ce to, don girmana.

Washegari na shigo aji da kwanon awo irin na kasuwa da gyaɗa a buhun leda. Ban taɓa baƙin allo ba. Na kira yarinyar gaba na ce ta auna mini rabin kwano, ta auna. Na ce ta ƙara kwata, ta ƙara. Na ce nawa ke nan? Ta ce saura kwata ya cika. Sai na zuba gyaɗar a tebur muka raba cikakken kwano gida shida, na ware kaso biyu na tura gabanta, na ce ga amsar da kika rubuta mini a takarda. Ta dubi ɗan tulin nan, ta dubi kwanon, ta fashe da dariya.

"Madam, ai wannan cuta ce! Wa zai biya kuɗin rabi da kwata a ba shi abin da bai kai rabi ba?"

Ajin duka ya ɗauki dariya. Ni kuwa abin da na gani shi ne, lissafin yana cikin kanta tun tuni. Abin da babu shi ne gadar da za ta haɗa kwanon kasuwa da alamomin da ke kan takarda. Gina wannan gada kuwa aikina ne, kuma gaskiya ban yi shi ba sai ranar.

Daga ina maganar "mai koyo da hannu" ta fito?

Ban ga laifin malamin da ya faɗa wa uwar wannan magana ba, don ni ma na sha faɗin irinta. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa yara iri-iri ne: akwai mai koyo da ido, akwai mai koyo da kunne, akwai mai koyo ta karatu da rubutu, akwai kuma wanda sai ya taɓa ko ya motsa jiki. Wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, shi ya tsara wannan rabo na gida huɗu a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya bazu a duniya har ya iso littattafanmu. Mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi. Shekarata ta farko a aiki har takarda na raba wa yara su cika don in gane wane gida kowa yake.

Daga baya na gano maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. A shekarar 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam su huɗu a Amurka, Harold Pashler da Mark McDaniel da Doug Rohrer da Robert Bjork, suka bi binciken da aka yi a kan batun ɗaya bayan ɗaya. Tambayarsu mai sauƙi ce: idan aka koyar da yaro ta hanyar da aka ce ita ce tasa, shin ya fi ganewa fiye da in an koyar da shi ta wata hanyar? Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar da ta tabbatar da haka ba. Gaskiya ne kowa yana da abin da ya fi so. Amma abin da mutum ya fi so daban, abin da ke sa karatu ya zauna masa daban.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai magana ce kawai. A wurinmu ba magana ce kawai ba. Idan aka ce wa uba ɗansa namiji mai koyo da hannu ne, yakan ce to Allah ya sa ya zama injiniya. Idan aka faɗa wa uwa haka game da 'yarta, fassarar da ke isa gida ita ce yarinya ba ta da ƙwaƙwalwar boko, a nema mata keken ɗinki ko kitso. Wadda ba ta sami ko wannan ba, wata rana sai a ji ta hau mota ta bi ƙawaye Kumasi ko Accra yin kayayo, tana ɗaukar kayan mutane a ka a Kejetia ko Agbogbloshie. Ɗinki sana'a ce mai albarka, ni kaina kuɗin ɗinkin mahaifiyata ne ya saya mini littattafai. Amma a bar yarinya ta zaɓe shi bayan ta iya karanta takardar yarjejeniya da lissafa ribarta. Tun watan Satumba na 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin SHS, sai dai ƙofar shiga ita ce jarrabawar BECE. Wadda aka cire a aji ɗaya na JHS ko ƙofar ba ta gani ba.

Hannu mataki ne na kowa

Abin da na yarda da shi yanzu shi ne, darasin ne ke faɗin yadda za a koyar da shi, ba wai jinsin yaron ba. Taswira sai an gani. Tajwidi sai an ji daga bakin malami. Alwala kuwa ko shekara aka yi ana bayaninta, sai an ɗauki buta. Haka lissafi da kimiyya: kowane yaro, mace ko namiji, mai kaifi ko mai nauyi, yana bukatar ya fara da abin da zai riƙe.

Wani masani ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana wannan tun shekarun 1960 a matakai uku: a fara da aikatawa, a koma ga hoto, sannan a ƙare da alama. A kan wannan ƙasar Singafo ta gina hanyarta ta koyar da lissafi a firamare, wadda ƙasashe da yawa ke kwaikwayo yau. Sabuwar manhajar firamare da Ghana ta fara aiki da ita a watan Satumba na 2019 ita ma abin da take nema ke nan, a rage dogon bayani a sa yara aiki.

Inda mu malamai muke tuntuɓe shi ne wuri biyu. Wasunmu ba ma taka matakin farko ko kaɗan, mu cika baƙin allo da rubutu mu ce a kwafa. Wasu kuma, musamman bayan an dawo daga taron ƙara wa juna sani, sai a kawo muraffan kwalba da tsakuwa, yara su yi ta wasa suna murna, a kaɗa ƙararrawa a tashi, ba a tsallaka zuwa takarda ba. A BECE kuwa ba a shiga da kwano. Shi ya sa bayan dariyar ranar nan ban bar yarinyar ta zauna ba. Na sa ta zana kwanon a baƙin allo, ta raba shi gida huɗu, ta shafe gida uku da alli. Sannan na ce ta rubuta abin da ta zana da lambobi. Hannunta na rawa ta rubuta 2/4 + 1/4 = 3/4. Mun maimaita wannan tafiya daga kwano zuwa zane zuwa lamba har sau da yawa a makonnin da suka biyo, ina janye kwanon a hankali, har ranar da ta daina nemansa.

Kayan aikin ma ba sai an jira daga Accra ba. Lambobin da ke ƙasa da sifiri, waɗanda ke rikita yara, da bashi nake koyar da su: ana bin ki sidi bakwai, kin biya huɗu, ina kike? Babu 'yar talla da za ta faɗi wannan. Rabo da gwargwado kuma da damun koko: in ludayi biyu na gasara na shan kofi biyar na ruwa, nawa ludayi shida za su sha? Sulusi da sudusi da sumuni kuwa ba baƙi ba ne a gidan Musulmi, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji su. Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja, lokacin da Salaga ke babbar kasuwar goro a ƙarni na 19, da hannu suka koyi lissafinsu, suna ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, suna ƙirga wuri a ƙasa. Ba wanda ya ce musu kansu ba ya ja.

A fannin kimiyya, mu mutanen Savelugu muna da shaidar da ba kowa ke da ita ba. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna 2007, lokacin da kurkunu ya yi wa garin nan kamun kazar kuku, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo da kansa a watan Fabrairu ya ga yara ana jan tsutsar daga ƙafafunsu. Ina budurwa a lokacin. An sha yi mana bayani cewa ƙwayar cutar tana cikin wasu ƙananan ƙwari da ke ruwan dam, muna ji muna wucewa. Abin da ya shiga kanmu shi ne ranar da aka ɗaure ƙyallen tacewa a bakin tulu, aka zuba ruwan da muka ɗebo da hannunmu, aka ce mu leƙa mu ga abin da ya rage a kan ƙyallen. Gani ya kori ji. 'Yan mata ne ke ɗebo ruwa, don haka su ne suka riƙe tacewar a gidaje. Mutum na ƙarshe da ya kamu da kurkunu a Ghana an same shi ne a Diare, nan kusa da mu, a watan Mayu na 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Har yau in zan koyar da yadda ake raba abubuwan da suka gauraya, da ruwan dam da farin ƙyalle nake farawa, yaran da ba a haifa ba a 2007 su tace da kansu. Bayan nan ne muke rubuta kalmomin Turancin.

Dabarar da muka baro a makaranta

Fahimta a aji rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne abin ya zauna har ranar jarrabawa, har bayanta. A nan ne ɗabi'ar karatu ke shigowa, kuma a nan ne nake ganin mu 'yan Zango muna zaune a kan dukiya ba mu sani ba.

Ku lura da yadda yawancin 'yan matanmu ke karatun sukul. Ta buɗe littafin rubutu, ta bi shi da ido daga sama zuwa ƙasa, ta ja layi da jan biro, ta sake bi. Ana saura kwana biyu jarrabawa ta kwana ba barci. Shi ne abin da 'yan sukul a Ghana ke yi wa kirari da a tauna, a zubar, a ci, a manta. Hausawa kuwa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ku bi yarinyar nan zuwa makaranta da yamma (mu a nan in an ce makaranta, ta allo ko ta Islamiyya ake nufi). Da hannunta take rubuta darasinta a allo. Da murya take karantawa, ba da ido kaɗai ba. Ba za ta wanke allon ba sai ta juya shi ta kawo karatun da ka a gaban malam, in ta yi kuskure a gyara mata nan take. Kuma abin da ta wuce ba a barinsa, ana komawa bita da tilawa, yau, gobe, mako mai zuwa. Wato ta rubuta, ta furta, ta rufe ta gwada kanta, ta maimaita a rarrabe.

Abin mamaki, waɗannan su ne dabarun da binciken zamani ya fi yabawa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe yana rage mata ƙarfi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu, wasu suka sake karantawa, wasu aka ce su rufe su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa waɗanda suka gwada kansu suka wuce su. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma, biyu suka fito a sama: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki. Ja layi da sake bin rubutu da ido suna cikin na ƙasa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a haddace kimiyya kamar yadda ake haddace sura ba. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, harafi da harafi. Darasin sukul ma'anarsa ake nema, yarinya ta iya faɗinsa da kalmominta. Abin da za a aro daga makaranta shi ne tsarin: rufe littafi, kawo da ka, a duba, a koma bayan kwana biyu. Na ce wa 'yan ajina su ɗauki littafin sukul kamar allo. Ba ki da izinin juya shafi sai kin kife littafin kin faɗi abin da ke ciki. Muka yanka kwalayen sabulu da na madara ƙanana-ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, kowace yarinya ta ɗaure nata da roba. Suna shiga aljihu, suna shiga cikin hijabi, ana iya duba su a layin famfo.

Sai kuma koyar da wani. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da wannan ta yaɗa ilimi a tsakanin matan karkara: jaji ta zo ta koya, ta koma ƙauye ta koyar da 'yan taru. Wanda ya koyar ya koya sau biyu. Nakan ba 'yan mata aikin gida cewa su bayyana wa uwa ko kaka darasin yau da Hausa, lokacin da ake tuƙa tuwo ko ɓarar gyaɗa. Wadda ta kasa faɗinsa da Hausa, to ba ta gane ba, Turancin kawai ta tauna.

Wannan batu na harshe ya fi shafarmu fiye da maƙwabtanmu. Harsuna goma sha ɗaya gwamnati ta ɗauka don koyarwa a ƙananan azuzuwa lokacin da aka fara shirin NALAP, akwai Dagbani, akwai Gwanja, amma babu Hausa. Don haka 'yar Zango a Savelugu ko Yendi tana tashi da Hausa a gida, Dagbani a unguwa da ƙaramin aji, Larabci a makaranta, Turanci a takardar jarrabawa. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, wanda ke kula da makarantun Turanci da Larabci, kuma daga 2024 an sa Larabci cikin darussan da ake iya rubutawa a BECE. Wannan ci gaba ne. Amma yarinyar da ke juya harshe huɗu kafin la'asar, in ta yi jinkirin amsa tambaya da Turanci, a yi mata adalci kafin a ce kanta ba ya ja. Kwano da gyaɗa ba su da yare, shi ya sa suke saurin buɗe bakin irin waɗannan yara.

Yaushe za ta yi karatun?

Duk wannan da na faɗa banza ne in babu lokaci, kuma nan ne maganar ta koma kan iyaye. Na taɓa sa 'yan ajina, maza da mata, kowa ya rubuta yadda ya yi jiya daga asuba zuwa barci. Na mazan akwai ƙwallo a ciki, akwai hira a bakin shago. Na matan kuwa shara, wanke-wanke, talla, raino, girki, sai ɗebo ruwa, wanda da rani a Savelugu kowa ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Da yawa sai bayan isha'i suke samun kansu, lokacin ido ya riga ya yi nauyi, ga wuta in an ɗauke sai fitilar waya, wayar kuma ta yaya ce.

Ga kuma kasuwa. Kasuwannin ƙasar Dagomba bayan kwana shida-shida suke ci, don haka ranar tana zagayawa cikin mako. Ku yi lissafin da kanku: zango mai mako 13 kwana 91 ne, kasuwa za ta ci kusan sau 15, kuma kamar goma daga ciki za su faɗo a ranakun sukul. Yarinyar da ake tsayarwa kowace ranar kasuwa ta rasa mako biyu cur na karatu a zango guda, kuma ba darasi ɗaya take rasawa ba, yau lissafi, wancan karon kimiyya, kowane ta sami giɓi a ciki.

Ba sabuwar matsala ba ce, kuma an taɓa samo mata hanya. Shirin School for Life da aka fara a 1995 a yankin Yendi da Gushegu ya yi nasara ne saboda bai yi faɗa da aikin gida ba. Da rana ake zama bayan yara sun gama aiki, da harshen gida ake koyarwa, cikin wata tara yaro ya iya karatu da rubutu ya shiga sukul. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne a nemi lokacin da gida zai iya bayarwa da gaske, ko kaɗan ne, a riƙe shi kullum. Wata abokiyar karatuna da ke koyarwa a Bawku, inda rikici da dokar hana fita suka sha katse karatu, ta ce mini katunan kwali ne suka riƙe mata 'yan matanta a makonnin da ba a zuwa aji. Ta haɗa su biyu-biyu, waɗanda gidajensu ke jikin juna, wannan ta tambayi wannan ta katanga.

Ni abin da nake roƙon iyaye bai fi minti talatin ba a rana, amma na gaskiya, wanda ba za a ƙwala mata kira a ciki ba. Bayan sallar asuba ya fi, in hali ya yi, kafin hayaniya ta tashi. In ba haka ba, tsakanin magariba da isha'i. Minti talatin kullum sun fi awa huɗu a daren jarrabawa. Uwa ba sai ta iya Turanci ba. Ta karɓi littafin ta riƙe, ta ce faɗa mini abin da ke nan, kamar yadda take sauraren hadda. Kuma ɗan'uwanta namiji ya ɗauki jarka shi ma. Na san wannan maganar ba ta yi wa wasu iyaye maza daɗi, na gani a fuskokinsu a taron iyaye da malamai. Amma ban san wani littafi da ya ce ruwa ba ya ɗebuwa sai a kan mace ba.

Mu malamai ma da namu. Ajin da yara suka haura sittin, in an kawo kayan gwaji, maza ne ke rige-rigen kamawa, mata su koma baya su riƙe biro suna rubuta abin da mazan suka gani. Na daɗe ban lura ba. Yanzu ni ke raba aikin, kuma nakan fara miƙa batir da waya da ƙwan fitila ga wadda ta fi kowa noƙewa. Tun 1987 aka fara tara 'yan mata a ba su horon kimiyya da lissafi na musamman lokacin hutu a ƙasar nan, a 1997 kuma aka buɗe sashen ilimin 'ya'ya mata. Amma 'yan kaɗan ne ke samun zuwa irin wannan taro. Sauran, abin da suka taɓa da hannunsu a ajinmu shi ne kawai abin da za su taɓa.

Zangon uku ya ƙare, uwar ta dawo gindin darbejiya. Yarinyar ta ci 46 a lissafi. Ba ta kai rabi ba, kuma Turancinta har yanzu da sauran aiki. Na nuna wa uwar takardun biyu, ta 18 da ta 46, ta juya su ta sake juyawa duk da ba ta karatun boko. Ta ce ita fa ta riga ta yi magana da mai ɗinkin, har ta kai goro. Muka daidaita a kan yarinya za ta riƙa zuwa shagon ranar Asabar da lokacin hutu, ta ci gaba da sukul, a kuma ɗauke mata wanke-wanken dare. Ranar kasuwa ce muka kasa gamawa. Uwar ta ce ba ta da mai tsaya mata, kuma na san gaskiya ta faɗa, don haka mun bar shi a kan yarinya ta zo aji da safe ta tafi bayan tara ta biyu.

Makon jiya ta shigo aji da tef ɗin awo na tela rataye a wuya. Ta ce uwar ɗakinta tana auna inci da rabi da kwata da rabin kwata, ita kuma ta ga a bayan tef ɗin akwai santimita masu ƙananan layuka goma-goma, tana so ta san yadda ake mayar da wannan zuwa wancan. Ba shi ne darasin ranar ba. Na rufe littafina na ce kowa ya miƙo hannun rigarsa, muka fara awo.